Murfin madannai na musamman: yadda ake ƙera su, da dalilin da mai saye ke jiran fiye da shekara

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kibod mai araha ya san yadda haruffa ke gogewa. Harafin A ne ke fara ɓacewa, sai E da S su bi baya, har mai buga rubutu ya koma aiki da hadda. Amma akwai kibod ɗin IBM Model M, wanda aka fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1980, da har yau ake samun tsofaffinsa haruffansu raɗau. Bambancin yana cikin ɗan murfin robar da yatsa ke taɓawa, da kuma hanyar da aka bi aka sa masa harafi.

A kan wannan ɗan murfi aka gina wata kasuwa mai zaman kanta. Akwai masu biyan fiye da dala 100 a kan saitin murfi kawai, ba tare da kibod ɗin ba.

Abin da ya buɗe ƙofar kasuwar shi ne suwic ɗin Cherry MX, ɗan injin da ke ƙarƙashin kowane madanni a yawancin kibod ɗin da ake kira mekanikal. Kamfanin Cherry na Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1980, kuma kansa yana da siffar alamar tarawa (+), inda murfi ke shiga ya zauna daram. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka riƙa yin nasu da kai iri ɗaya. Don haka murfin da aka zuba a Jamus zai hau suwic ɗin da aka yi a Sin, kuma mai kibod zai iya cire murafun ya sauya su cikin rabin awa.

Roba biyu, hanya biyu

Roba iri biyu ce ta mamaye sana'ar: ABS da PBT. ABS tana da sauƙin zubawa, tana kuma fitar da launi mai haske, sai dai bayan watanni ana dannawa takan yi santsi da ƙyalli. PBT ta fi jure gogayya da zafi, amma tana tsukewa sosai idan tana hucewa, shi ya sa dogon madannin tazara da aka yi da ita yakan fito a ɗan lanƙwashe idan masana'anta ba ta ƙware ba.

Wajen sa harafi ne aikin ya fi tsada. Hanyar da ta fi daraja ita ce zubi biyu: a fara zuba harafin da roba mai launi ɗaya, sannan a zuba jikin murfin da wani launi ya kewaye shi. Harafin ya zama ɓangaren jikin murfin ke nan, ba fenti ba ne, don haka ba ya gogewa sai dai robar kanta ta cinye. Matsalar ita ce kowace alama tana buƙatar nata mazubi na ƙarfe. Mai zane da ya ƙirƙiro sabuwar alama guda, ko da ɗan hoton fure ne a madannin Esc, sai an sassaƙa mata ƙarfe, kuma kuɗin yana hawa kan masu saye.

Hanya ta biyu rini ce da zafi, wadda IBM ta yi amfani da ita. Ana buga zanen a takarda, a danna ta a kan murfin PBT da zafi, tawadar ta zama tururi ta shige cikin robar. Wannan ba ya buƙatar sabon ƙarfe, amma rini ba ya iya sa fari a kan baƙi. Mai son farin harafi a baƙin murfi sai a rina masa duk jikin farin murfi a bar harafin kawai, aikin da kan bar tabo a gefuna idan ba a kula ba.

Sai siffa. Tazarar tsakiyar madanni zuwa na kusa da shi milimita 19.05 ce, kuma da ita ake auna sauran: madannin tazara na yawancin kibod ninki 6.25 ne, wasu kuma ninki 7. Tsayi da karkatar murfi suna da sunaye. Siffar Cherry gajera ce, kowane layi da nasa karkata. SA doguwa ce mai kwarmi a sama kamar na tsofaffin kwamfutoci, DSA kuwa duk layukanta tsayi ɗaya. Kamfanin Signature Plastics da ke garin Custer a jihar Washington ta Amurka shi aka sani da SA da DSA, yayin da GMK, a Wernberg-Köblitz ta jihar Bavaria, ya gaji tsofaffin mazuban Cherry.

A biya yau, a karɓa baɗi

Yawancin shahararrun saituka ba kamfani ne ya zana su ba. Wani mai sha'awa ne kan zauna da manhajar zane ya haɗa launuka, ya fitar da hoton kwamfuta na yadda saitin zai kasance, ya nuna wa jama'a ya ji ra'ayinsu. Idan an nuna so, dillalai a nahiyoyi daban-daban su buɗe karɓar kuɗi na kimanin wata guda. Masana'anta ba ta kunna inji sai an kai mafi ƙarancin adadin da ta gindaya, wanda yakan kai ɗaruruwan saiti. Idan ba a kai ba, a mayar wa kowa kuɗinsa.

Idan an kai, sai a shiga wahalar daidaita launi. Launin da ke allon kwamfuta haske ne, na roba kuwa sinadari ne, ba sa zuwa ɗaya. Mai zane yana aika lambar launi daga kundin Pantone ko RAL, masana'anta ta zubo samfuri, ya duba a hasken rana da na fitila, ya ce a sake. Kowane zagaye na iya cin makonni. An sha samun saitin da ya iso da launin da ya saɓa wa hoton da aka yi talla da shi, kuma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Lokacin annobar korona, a 2020 da 2021, mutane suna zaune a gida, oda ta yi wa masana'antu yawa har jira ya kai shekara biyu a wasu saitukan. A 2023 kuma wasu dillalai suka durƙushe da kuɗin jama'a a hannunsu, kayan ba su iso ba. Laifin tsarin a fili yake: duk kasadar tana kan mai saye, wanda ya ba da bashi ba ruwa ba jingina. A gefe guda masana'antun Sin suna kwaikwayon launukan da suka yi suna, su sayar da rahusa tun kafin na asalin ya fito. Mai zanen bai samu ko sisi daga nan ba, amma da wuya a ga laifin wanda ya gaji da jira. Wannan ya sa dillalai da dama suka koma sayar da abin da ke ƙasa.

Akwai kuma masu ƙera murfi ɗaya-ɗaya da hannu. Suna sassaƙa siffa da yumɓu, su yi mata mazubin silikon, su zuba ruwan rezin mai launi, su sa a tukunyar matsin iska don kada kumfa ya bayyana a ciki. Jelly Key na ƙasar Biyetnam ya yi suna da saka ƙananan kifaye da tsaunuka a cikin murfi mai garai-garai. Wasu masu wannan sana'a ba sa iya yin da yawa, sai su yi ƙuri'a a kan wanda zai samu damar saye.

Ga mai rubutu da Hausa, lissafin mazubi yana da ma'ana kai tsaye. Ana yin ƙananan saituka na haruffan Jamusanci da na ƙasashen arewacin Turai, kuma ko su sukan sha wuya kafin su kai adadin da masana'anta ke nema. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowanne sai an sassaƙa masa ƙarfe idan da zubi biyu za a yi. Rini a kan PBT ne hanyar da ta fi kusa, tunda abin da take buƙata shi ne murfi mai launi mai haske da zanen harafin. Murfin dai alama ce kawai ga ido: ko an rubuta ƙ a kansa, kwamfuta ba za ta buga ƙ ba sai an zaɓi tsarin kibod na Hausa, wanda Windows ke ɗauke da shi a cikin saitin harsuna.