In Noti Ya Cije: Yadda Ake Lallaɓa Shi Har Ya Kwance

A yau tsadar rayuwa ta sa yawancinmu masu tsofaffin motoci mun koma 'yan ƙananan gyare-gyare a ƙofar gida. Canjin taya, sauya fulogi, wanda wasunmu ke kira buji, duba birki, ɗaure salansa, duk ba sai an je gareji ba. To, amma akwai abu guda da yakan mayar da aikin minti 10 ya zama na kwana 3, watau noti ko sukurun da ya cije ya ƙi motsi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Noti guda in ya karye a cikin kan inji, sai an sauke kan an kai wa masu huda ƙarfe, mai taksi kuwa ya yi asarar cinikin kwanakin nan gaba ɗaya.

Me ke sa noti ya cije?

Babban dalili shi ne tsatsa. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, saboda haka sai ta kumbura ta cike 'yar kafar da ke tsakanin haƙoran noti, ta matse su gam. Ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta tsufa a nan ba ta cika ruɓewa ba. Sai dai mafi yawan motocinmu na hannu ne, waɗanda aka daɗe ana shigo da su daga Turai ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Tema. A can Beljiyam da Jamus da Faransa gishiri ake watsawa a kan tituna lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana hanzarta tsatsa ƙwarai. Shi ya sa za ka ga mota tana ƙyalli a sama, ƙarƙashinta kuwa ja wur. Ga kuma taɓo da kududdufan damina da muke ratsawa.

Dalili na biyu shi ne haɗuwar ƙarfe iri biyu. Notin baƙin ƙarfe da aka ɗaura a jikin alminiyam, in danshi ya shiga tsakaninsu, sai alminiyam ya dinga cinyewa yana fitar da wani farin gari mai liƙe su. Na uku zafi ne, kamar a notocin salansa da kullum suke gasuwa suna hucewa. Na huɗu kuwa hannun ɗan Adam ne, watau wanda ya hau kan sifana da ƙafa ya ɗaure fiye da ƙima.

A fara da makamin da ya dace

Yawancin notocin da suka gagara, sifanar da ba tasu ba ce ta fara lalata musu kai. Motocin Japan irin su Toyota sun fi amfani da lamba 10 da 12 da 14 da 17, na Turai kuwa irin Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, za ka fi cin karo da 11 da 13 da 17. Sifanar rabin inci milimita 12.7 ce, ta yi kusa da 13 amma ba ita ba ce. Ga noti mai taurin kai, a ajiye sifana mai buɗaɗɗen baki, domin gefe biyu kawai take kamawa. A nemi bokis mai kusurwa 6 wanda zai rungume kan duka.

Haka sukuru mai kan gicciye, ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai na Phillips, wanda kamfanin General Motors ya soma sa wa motar Cadillac a 1936. Akwai Pozidriv na motocin Turai, mai ƙarin 'yan zane-zane tsakanin gicciyen. Akwai kuma na Japan, wanda sau da yawa yake da ɗan ɗigo a kansa, ana samunsa a kafireta da babura. Sukudireban wani ba ya zama daram a kan wani, yana zamewa ya gwaguye ramin.

A kuma tabbata ta ina noti yake kwancewa. Galibi hagu ake juyawa, amma wasu manyan motoci da bas-bas na Japan notocin tayoyinsu na ɓangaren hagu a juye suke, akan buga musu harafin L. Mai juya irin wannan hagu, ƙara ɗaure shi yake yi.

Mai, duka, da haƙuri

Da farko a kankare datti da burushin waya. Sa'an nan a fesa man da ke ratsa tsatsa. Wanda aka fi sani shi ne WD-40, da aka ƙirƙira a San Diego ta Amurka a 1953 don korar danshi daga jikin ƙarfe. In babu shi, kananzir ko man dizal da aka gauraya da ɗan man inji yana taimakawa. Wasu sukan zuba man birki, to a sani yana cin fenti. Kada kuma a bari kananzir ko man inji ya taɓa robobin birki, domin kumbura su yake yi. Bayan an zuba sai a ba shi lokaci, in da hali ma ya kwana.

Daga nan a ɗan daddaki kan notin da guduma, ba don a fasa ba, don tsatsar ta tsattsage mai ya samu hanya. Sai a ɗan ɗaure kaɗan tukuna, kana a sassauta. In ya motsa, kada a yi zumuɗi: a kai gaba, a dawo baya, a ƙara mai, har ya fito. Ga sukurun faifan birki akwai sukudireban da ake duka da guduma, wanda yake dannawa yana juyawa lokaci guda, ya kamata kowane mai mota ya mallake shi.

Game da zura bututu a sifana don ƙarin tsawo, dabara ce mai kyau amma mai haɗari. Bututu mai tsawon mita 1 yana ninka ƙarfin sifana mai santimita 25 sau 4. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a bakinsa, ya ɗora wa notin taya wajen ninki 6 na abin da aka ƙayyade wa ƙaramar mota. A ja a hankali, kuma a jawo sifana wajen jiki maimakon a tura, don kada ta zame yatsu su daki ƙarfe. Notin taya ana sassauta shi ne tun mota tana ƙasa, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wuta ita ce ta ƙarshe

Zafi yana sa ƙarfe ya buɗe, shi ya sa ake gasa noti ko naman ƙarfen da ke kewaye da shi. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, amma yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba. Kada a kai wuta kusa da tanki, ko bututun fetur, ko na birki, ko batir. A goge man da aka fesa, a nisantar da jarkoki da kwalaben fetur da muke ajiyewa a gida, a kori yara, a tanadi bokitin yashi. Fulogi kuwa ba a gasa shi, jira ake inji ya huce sarai kafin a kwance.

In kai ya lalace ko ya karye

Sukurun da raminsa ya cinye, a yanka masa sabon tsagi da zarto a sa sukudireba mai faɗin baki. Notin da ya zama kamar ƙwallo, a buga masa bokis mai ɗan ƙanƙanta, ko a sare shi da kurfi ta gefe. In ya karye ya bar guntu, mai walda zai iya liƙa wani noti a kansa, zafin waldar ma yana taimakawa, amma a cire kan batir tukuna. In kuwa ya karye a can ciki, musamman a kan inji, shawararmu a tsaya nan a kira makanike. Huda a karkace tana lalata abin da ya fi notin tsada sau ɗari.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Notin da ya wahalar da kai, kada ka mayar da shi, sayi sabo mai lamba irin tasa, 8.8 ko 10.9, kamar yadda aka buga a kansa. A shafa giris mai jan ƙarfe a notocin salansa, amma na taya a bar su a bushe, a goge kawai. A wanke ƙarƙashin mota bayan damina, a kuma sassauta notocin taya a sake ɗaure su a gida, tun kafin faci ya same mu a daji da dare.