Jerin Lasifikan Rataye: Tsawo da Lissafi Ake Saya, Ba Yawan Wat Ba

A ranar 15 ga Agusta, 1965, mawaƙan nan huɗu na Ingila da ake kira Beatles suka hau dandamali a filin wasa na Shea a birnin New York, gaban mutum fiye da 55,000. Amfilifayoyin gitarsu masu wat 100 ne, ihun 'yan kallo kuwa ya danne komai, har su kansu mawaƙan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Masu sana'ar sauti suka ga kamar maganin a fili yake: a ƙara akwatuna, a ƙara wuta. A 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka ta kai wannan tunani ƙarshensa, ta gina bangon lasifika mai ɗauke da lasifikoki wajen 600, da ƙarfin wat fiye da 26,000, nauyinsa kusan tan 75. Waɗanda suka ji shi sun yaba, amma ɗaukarsa daga gari zuwa gari ya cinye kuɗi da ƙarfin ma'aikata, kafin shekarar ta fita aka ajiye shi. Yau idan ka shiga babban taro ko'ina a duniya, abin da za ka gani shi ne akwatuna masu faɗi a jere, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, an rataye su daga sama a hagu da daman dandamali, ƙasan jerin ya ɗan lanƙwashe yana kallon sahun gaba. Wannan jerin rataye shi ya kori tulin akwatuna, kuma dalilin da ya sa ya kore shi ne ya kamata ya jagoranci mai saye ko mai haya. Sau da yawa ba haka ake yi ba. Ana tambayar wat nawa ne, akwati nawa ne, sunan wane kamfani ne a jiki, alhali abin da jerin ke sayarwa shi ne na sahun gaba da na can baya su ji magana ɗaya da ƙarfi kusan ɗaya.

Lasifika guda tana watsa sauti ta ko'ina, sama da ƙasa, hagu da dama, don haka ƙarfinsa yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Wanda ke tsaye mita 80 daga dandamali ya ninka nisan na mita 10, ya sake ninkawa, ya kuma sake ninkawa, ya yi asarar desibel 18. Kunnen ɗan Adam kuwa yana jin bambancin desibel 10 a matsayin ninki biyu na ƙara. Saboda haka in aka murɗa sauti don na baya ya ji, na gaba ya kurumce. In aka tausaya wa na gaba, na baya ya koma kallon baki yana motsi. Ƙara wat ba ya warware wannan, domin ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kowa yake ƙara wa, ratar tana nan inda take. Tara akwatuna kafaɗa da kafaɗa ma wata matsalar yake haifarwa. Jefa duwatsu biyu cikin kududdufi ka ga yadda zoben ruwan ke haɗuwa, a wani wuri su ɗaga juna, a wani wuri su kashe juna ruwan ya kwanta. Haka sautin akwatuna biyu ke yi idan ya iso kunne a lokuta mabambanta: ka matsa taku biyu muryar ta fito tangaram, ka ƙara taku biyu ta dusashe.

Ilimin jera lasifika a tsaye ba sabo ba ne. Harry Olson, injiniyan kamfanin RCA, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1957, kuma an daɗe ana kafa dogayen lasifikoki sirara a majami'u da tashoshin jirgin ƙasa na Turai don sanarwa. Abin da ya gagara shi ne siririn sauti. Kafin lasifikoki biyu su haɗu su yi aiki kamar guda, dole ratar da ke tsakaninsu ta gaza rabin tsawon zangon sautin da suke fitarwa. Sauti mai kauri na has 100, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, zangonsa ya kai mita 3.4, jera akwatuna dominsa ba wuya. Siririn sauti na has 10,000 kuwa zangonsa santimita 3.4 ne, ba lasifika mai ƙarfi da za ta matsu a rabin wannan. A 1992, a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti da aka yi a Biyana, Christian Heil, masanin kimiyyar fiziks da ya kafa kamfanin L-Acoustics a Faransa a 1984, tare da Marcel Urban, suka gabatar da sharuɗɗan da za a cika kafin jeri ya yi aiki a matsayin layi guda. Mafitar ita ce wani bututu da ake sawa a bakin lasifikar siririn sauti, wanda ke daidaita tsawon hanyoyin da sautin ke bi a cikinsa, ya fito a miƙe daga saman akwati zuwa ƙasansa, ya haɗu da na akwatin da ke biye ba tare da sun yi karo ba. Daga nan jerin V-DOSC na L-Acoustics ya fito, sauran kamfanoni suka bi sahu: JBL da jerinsa VerTec a 2000, sai Meyer Sound na Kalifoniya, d&b na Jamus, Martin Audio na Ingila. Jerin da ya cika sharuɗɗan yana matse sauti ta sama da ƙasa, ya bar shi ya buɗe hagu da dama, asararsa ta sauka zuwa wajen desibel 3 a kowane ninkin nisa.

Sai dai wannan garaɓasa tana da iyaka, kuma a nan ne 'yan talla kan yi shiru. Raguwar desibel 3 tana aiki ne zuwa wani nisa, bayan nan jerin ya koma kamar kowace lasifika. Nisan ya dogara ga tsawon jerin da kuma sirantar sautin, kuma in ka ninka tsawon jeri, nisan ya ninka sau huɗu. A sautin has 1,000, inda muryar mutum ke da ƙarfi, jeri mai tsawon mita 6 yana riƙe wannan hali har wajen mita 50. Jeri mai mita ɗaya da rabi, wato akwatuna huɗu ko biyar ƙanana, bai wuce mita 3 da 'yan kai ba, kafin ma sautin ya isa sahun farko fa'idar ta ƙare. Ga sauti mai kauri kuwa gajeren jeri ba shi da ikon juya shi ko'ina. Don haka akwatuna huɗu da aka rataya a kowane gefe don taron mutum dubu goma siffar jeri kawai suke da ita. A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a harkar, domin an biya kuɗin fasaha an kuma hana ta sharaɗin aikinta. In kuɗi bai kai na dogon jeri ba, gara a sayi akwatuna masu ƙaho na gargajiya masu kyau a rarraba su cikin fili.

Bayan tsawo sai kusurwa. Tsakanin kowane akwati da na ƙasansa akwai ƙarfe mai ramuka da fil da ake zurawa, kowane rami da digirinsa. Na sama ana barinsu kusan a miƙe, rabin digiri ko digiri ɗaya, su haɗa ƙarfi su jefa sauti can ƙarshen fili. Na ƙasa ana buɗe su digiri biyar zuwa goma, domin mutanen da suke kallo suna kusa. Kuskuren digiri ɗaya a nisan mita 100 yana kautar da sauti kusan mita biyu, wanda ya isa ya tsallake kawunan mutane ya bugi bango ya dawo. Shi ya sa kowane babban kamfani ke da manhajar kwamfuta ta lissafi, Soundvision ta L-Acoustics, ArrayCalc ta d&b, MAPP ta Meyer Sound, inda ake zana filin da tsayinsa da gangarensa, a ga taswirar sauti mai launi kafin a ɗaga akwati ko ɗaya. Mai shirya taro da bai san komai game da desibel ba yana iya neman abu guda daga mai kayan haya: ya nuna masa wannan taswira ta filinsa, ba ta wani fili ba. Wanda ya kasa kawo ta, da ido zai rataya kayan.

Za a ce ai wannan duk yayi ne, manyan mawaƙa sun saba rubuta sunan wasu kamfanoni a takardar sharuɗɗansu, masu haya kuma suna saye don kada ciniki ya wuce su. Akwai gaskiya a ciki. A zaure mai ɗaukar mutum ɗari biyar, mai gajeren rufi da faɗi fiye da zurfi, jerin rataye ɓarnar kuɗi ne, akwati ɗaya ko biyu masu kyau a kowane gefe sun fi shi tsabtar sauti. Amma abin da ya faru a dandalin Hyde Park na Landan ya nuna inda yayi ya tsaya aiki ya fara. Gidajen masu hali sun kewaye wurin, hukuma ta ƙayyade ƙarar da za ta isa gare su da lokacin tashi, 'yan kallo suna ta ƙorafin sauti ya yi ƙasa, har a Yulin 2012 aka kashe wa mawaƙa Bruce Springsteen da Paul McCartney makirufo suna kan dandamali saboda lokaci ya wuce. A 2013 sababbin masu shirya bikin waƙa a wurin suka sauya wa dandamalin mazauni, suka kawo jerin MLA na Martin Audio, wanda kowane akwati a cikinsa ke da amfilifayoyi da na'urar lissafinsa, ana gaya wa manhaja inda ake son sauti da inda ba a so. Aka samu ƙarin ƙara a cikin fili ba tare da an keta iyakar maƙwabta ba. Ba a yi wannan da ƙarin wat ba.

Wani kuma zai ce kasuwa cike take da akwatuna masu kama da waɗannan a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, wasu har da tambarin jabu. Katako da fenti da ragar gaba ana kwaikwayonsu cikin sauƙi. Bututun siririn sauti da lissafin da ke cikin amfilifaya su ne masu wuya, shi ya sa L-Acoustics da d&b ke haɗa akwatunansu da amfilifayoyinsu na kansu, Meyer Sound kuwa take dasa amfilifayar a cikin akwatin. Akwai ƙananan kamfanoni masu araha da ke aiki tsakani da Allah, alamarsu ita ce suna wallafa ma'aunin akwatunansu don a sa a manhaja irin EASE Focus a gwada. Babban abin tsoro a kayan da ba a san asalinsu ba ma ba sauti ba ne, ƙarfen rataya ne. Akwatin K1 na L-Acoustics guda ya haura kilo 100, jerin goma sha shida ya doshi tan biyu, duk a kan 'yan fil da ƙarfen da ke saman, a bisa kawunan mutane. A ranar 13 ga Agusta, 2011, iska ta rusa rumfar dandamali a bikin baje kolin jihar Indiyana ta Amurka, mutum bakwai suka mutu. Duk wanda ya san guguwar farkon damina a ƙasar Hausa ya san dole a tambayi nauyin da hasumiyar rataya za ta iya ɗauka, da ƙarfin iskar da in ta kai za a sauke kaya, da kuma wanda ke da ikon ba da wannan umarni.

Yanayinmu yana shiga lissafin ta wata hanyar ma. Iska tana shanye siririn sauti, busasshiyar iska ta fi shanyewa, don haka jerin da ya kai ƙarshen fili a watan Agusta yana iya gazawa a lokacin hunturu, harufa irin su sa da sha da tsa su ɓace, wa'azi ko jawabi ya zama gunaguni. Ko jerin da ya fi kowane tsawo, bayan mita 80 zuwa 100 yana bukatar hasumiyar taimako a tsakiyar fili, wadda ake jinkirta sautinta ya jira na dandamali ya iso. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, don haka hasumiyar da ke mita 100 za a jinkirta ta kusan kashi 290 cikin dubu na daƙiƙa. A zafin digiri 40 gudun ya kai wajen mita 355. Wanda ya saita jinkirin da azahar a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, in bai sake aunawa da dare ba, zai tarar da saɓanin da ya isa ya dagula magana. Zafin ƙasa da rana yana kuma lanƙwasa sauti ya yi sama, da dare in ƙasa ta huce ya dawo da shi ƙasa ya kai shi unguwannin da ba a gayyata ba.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar sauti ga wuraren taro, ta sa iyaka a desibel 100 a matsakaicin minti 15, tana mai cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji. Da tulin akwatuna a ƙasa, kafin na mita 80 ya samu desibel 95, na mita 10 yana shan 113, yaran da ke manne da bakin lasifika kuma sun wuce haka nesa. Jerin da aka rataya sama, mai isasshen tsawo, aka lissafa kusurwarsa, yana iya rage ratar gaba da baya zuwa 'yan desibel kaɗan, a cika ƙa'idar kuma kowa ya ji. Kuɗin injiniyan da zai zana taswirar, ya auna da makirufo, ya zauna har a tashi, bai kai kuɗin akwati ɗaya ba, amma shi ake fara yankewa idan ana rage kasafi.