Mai Waƙa Ya Ba Ka Izini, YouTube Ta Sauke Bidiyon

A kakar tumatir, duk wanda ya ratsa kasuwar Kwanar Gafan da ke ƙaramar hukumar Garun Mallam zai ga samari riƙe da waya suna ɗaukar kwanduna da motocin da ake yi wa lodi zuwa Kudu. Wani farashin ranar yake faɗa wa mabiyansa, wani yana nuna ɓarnar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wani kuma ya bi bakin kanal daga Kadawa yana ɗaukar yadda ake ban ruwa. Haka abin yake a Kura wajen masu shinkafa, haka a Bunkure. Ga masu ɗaukar bidiyon biki, ga masu ɗora karatun malamai da ƙasidun maulidi, ga yara masu tashen waƙa. Ruwan Tiga ya daɗe yana ciyar da wannan yanki, yanzu kuma wasu sun fara cin abinci da YouTube da Facebook da TikTok.

Sai dai akwai wata matsala da ke sa mutum ya kwana da takaici. Mawaƙi ya zo bikin ƙanwarka, kun biya shi, da bakinsa ya ce ka ɗauka ka ɗora. Ka kashe data ka ɗora. Washegari sai ka tarar an toshe bidiyon, ko an ɗauke sautin, ko kuɗin tallan da ke shigowa sun koma aljihun wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ka kira mawaƙin, ya rantse maka bai kai ƙararka ko'ina ba. Kuma galibi gaskiya ya faɗa.

Ga yadda abin ke faruwa. Tun 2007 YouTube ke aiki da wata manhaja mai suna Content ID. Masu haƙƙin mallaka suna ba ta waƙoƙinsu da finafinansu ta ajiye, ita kuma duk bidiyon da aka ɗora sai ta gwada shi da abin da ke rumbunta. Da ta ji kama, sai ta zartar da umarnin da aka bar mata: ko ta toshe, ko ta karkatar da kuɗin talla, ko ta zuba ido kawai. Facebook ma tana da irin tata, Rights Manager. Halin wannan manhaja halin karen gadi ne, ya san warin kayan gidan, amma bai san baƙon da maigida ya ce wa ɗauki ka tafi da shi ba. Mawaƙanmu da yawa sukan miƙa waƙoƙinsu ga kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore don su shiga Spotify da sauransu, a nan ne kuma ake yi wa waƙar rajista a Content ID, wani lokaci ma yaron da ke riƙe wa mawaƙin waya ne ya danna. Daga ranar, izinin da aka ba ka a tsakar gida ba ya cikin lissafi. Akan samu mawaƙin da kamfanin da ya ɗauka aiki zai kama waƙarsa a tasharsa ta kansa.

Wata hanyar kuma ta kiɗa ce. Mai sutudiyo ya sayar wa mutum biyar kiɗa ɗaya, ko kowa ya sauko da na kyauta daga intanet. Ɗaya daga cikinsu ya riga kowa yin rajista, sai sauran huɗun su wayi gari a matsayin ɓarayi.

Kada wani ya ce don mu talakawa ne ake mana haka. A watan Agustan 2012, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora bidiyon saukar na'urarta Curiosity a duniyar Mars a tasharta ta YouTube. Ba a jima ba aka toshe shi da sunan wani kamfanin labarai, Scripps, wanda shi ne ma ya ari hotunan daga NASA. A 2016 gidan talabijin na Fox ya ɗauki wani guntun bidiyon wasan kwamfuta da wani mutum ya ɗora tun 2009, ya saka a shirinsa na Family Guy, sai manhajar ta juyo ta sauke na ainihin mai shi. A farkon 2018 wani masanin kiɗa a Ostareliya, Sebastian Tomczak, ya tarar da iƙirari biyar a kan bidiyonsa na awa goma wanda ba komai a ciki sai shuuu irin ta rediyon da bai kama tasha ba. Kama da wane dai ba ta wane.

YouTube da kanta ta fitar da alƙaluma. A rahotonta na wata shidan farko na 2021, an yi iƙirari sama da miliyan 722 ta hanyar Content ID. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma a cikin waɗannan, kusan kashi 60 cikin ɗari mai bidiyon ne ya yi nasara, wato sama da miliyan 2. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗimbin waɗanda suka yi shiru, don a cikinsu akwai masu gaskiyar da tsoro ko rashin sani ya hana su magana.

Abu na farko da za ka duba idan saƙo ya zo shi ne wane iri ne, domin iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai iƙirarin Content ID, wanda bidiyon kawai ya shafa, ba ya taɓa lafiyar tasharka. Akwai kuma buƙatar saukewa, wadda mutum ne ko kamfani ya shigar a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA. Ita ce ke zuwa da katin gargaɗi, kuma kati uku cikin kwana 90 na iya sa a rufe tashar baki ɗaya, da mabiya dubun da awa dubu huɗun da ka sha wuyar tarawa kafin a fara biyanka.

Idan iƙirari ne kuma kana da izini, shiga YouTube Studio ka ƙalubalanta, ka rubuta wanda ya ba ka izinin da ranar da ya bayar. Mai iƙirarin yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru iƙirarin ya faɗi. Ka hanzarta, domin idan ka ƙalubalanta cikin kwana biyar na farko, za a riƙe kuɗin tallan tun daga ranar da aka yi iƙirarin har a ga mai gaskiya. In kuwa waƙar rediyon mai shayi ce ta shiga bidiyonka kana ɗaukar farashin albasa, kada ka ja, akwai wurin yanke wannan guntun ko kashe sautinsa.

Idan katin gargaɗi ne, kada ka goge bidiyon a firgice, gogewa ba ta cire katin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi wanda ya shigar da ƙarar ya janye, kuma a nan sanayya tana aiki: ka je wurin mawaƙin ko furodusan ya sa kamfaninsa ya janye. In hakan ta faskara, akwai takardar martani. Bayan an tura ta, mai ƙara yana da kwana goma na aiki ya nuna ya kai maganar kotu, in ba haka ba a mayar da bidiyon. Amma ka sani takarda ce ta shari'a. Sunanka da adireshinka za su je hannun wanda ya kai ƙarar, saboda haka wanda ya san kwafa ya yi kada ya kuskura.

A kula da 'yan damfara. A 2019 YouTube ta maka wani Ba'amurke mai suna Christopher Brady a kotu saboda yana jefa wa masu tashoshi ƙarar ƙarya, sannan ya ce su turo kuɗi ko ya ƙara ta uku a rufe su. Duk wanda ya turo maka saƙon WhatsApp ko imel yana cewa ka biya ya cire maka kati, ko ka danna wani wuri ka sa lambar sirrinka, ka bar shi nan. Sanarwar gaskiya a cikin YouTube Studio za ka gan ta.

A gida ma akwai doka. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi yadda za a nemi sauke abu daga intanet, ta ba wanda aka sauke wa damar mayar da martani, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan a cikin ƙararsa ana iya bin sa diyya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da ita.

Ba ina cewa duk saukewa zalunci ba ce. Masu fim a Kano sun ga yadda satar fasaha ta taimaka wajen kashe kasuwar faifai, shi ya sa shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka kama YouTube da hannu biyu, kuma mai kwafe su ya ɗora a tasharsa ya rubuta “ba nawa ba ne” bai wanke kansa ba. Abin da nake roƙon masu haƙƙi shi ne su riƙa tambaya kafin su harba. Furodusa ya ba yaro tallar fim ya yaɗa masa, sannan yaran ofishinsa su kai ƙarar yaron, wannan ba tsare dukiya ba ne, sakaci ne.

Kai kuma mai ɗauka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin ka ɗora, ka ce wa mawaƙin: “Ranka ya daɗe, a rubuta mini ko da a WhatsApp ne.” A sa sunan waƙar, sunan tasharka da kwanan wata. Ka tambaye shi ko waƙar tana hannun wani kamfanin rarrabawa, in tana can ya ce su sa tasharka a jerin waɗanda aka yafe wa. Ka ajiye ainihin bidiyon da ka ɗauka a memori ko kwamfuta, kada ka goge don neman fili a waya. In kiɗan rakiya kawai kake so a ƙarƙashin bidiyon gonarka, akwai rumbun kiɗa na kyauta a cikin YouTube Studio, daga can za ka ɗauko.