Balaraba Ta Samu Canji, Musa Bai Samu Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tebur yana jiran canji ya san yadda abin yake. Kuɗi na nan a gwangwani, amma in ba a samu takardun da za su haɗa adadin daidai ba, sai haƙuri, don ba a yaga naira ashirin a ba ka rabi. Haka rubuta suna da alamomin sinadarai yake. Jadawalin da Mendeleev ya fara tsarawa a 1869 yau yana da sinadarai 118, kowanne da alamarsa. Goma sha huɗu ne kawai ke da harafi ɗaya, sauran bibbiyu ne, kuma ba a raba su.

Yusuf ya dace, nasa duk da ƙananan canji aka biya: Y, U, S, U, F. Wannan U ɗin ita ce yuraniyom da ake haƙowa a Arlit. Binta ta fito da Bi, N, Ta, Amina kuma da Am, I, Na, wato har da sodiyom ɗin da ke cikin gishiri da kanwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gaɓoɓin Hausa suka zauna daram a jadawalin. Mu baƙi da wasali muke jerawa, ga kuma Ba, La, Ra, Ta, Na, Ga suna jira. Shi ya sa Balaraba, duk tsawon sunanta, ta fito cif: Ba, La, Ra, Ba. Laraba da Bala da Rabi suka bi bayanta. Bauchi ma ta shiga: Ba, U, C, H, I.

Musa kuwa ya maƙale tun a bakin ƙofa. M ba ta tsayawa ita kaɗai, akwai Mg da Mn da Mo, amma babu Mu. Harafin A ma ba ya tsayawa shi kaɗai, kuma babu Sa, babu Ka, don haka Sani da Kano suka rasa. Jummai ba ta ma da ta cewa, J ba ta cikin jadawalin kwata-kwata.

Ina ganin ya kamata malaman kimiyya su riƙa fara darasin da wannan wasa kafin hadda. Yaron da sunansa ya ƙi fitowa sai ya bi gidajen jadawalin ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda, daga nan ya koma gwada sunan mahaifiyarsa da na garinsu.