Tsarin Feng Shui a Ɗakin Aiki na Gida: Tsakanin Dabarar Zama da Da'awar Gaibu

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa ɗimbin ma'aikata a duniya mayar da wani sashe na gidajensu ofis, shawarwari kan tsara ɗakin aiki suka yawaita a littattafai da mujallu. Kaso mai tsoka na waɗannan shawarwari yana ɗauke da sunan Feng Shui, kuma akan gabatar da shi tamkar fasahar ƙawata ɗaki kawai, alhali kuwa tushensa yana cikin falsafa da addinin gargajiya na Sinawa. Wannan maƙala za ta bayyana asalin tsarin da ƙa'idojinsa game da ɗakin aiki, sannan ta rarrabe abin da yake dabarar zama daga abin da yake da'awar gaibu, domin sau da yawa abubuwan biyu sukan zo a cakuɗe cikin shawara guda.

Asalin Feng Shui

Ma'anar kalmomin biyu a harshen Sinanci ita ce iska da ruwa. Ana danganta wannan lafazi da wani littafi kan binne matattu mai suna Zangshu, wanda ake jingina wa malamin nan Guo Pu, da ya rayu daga 276 zuwa 324 Miladiyya. Tunanin da aka gina tsarin a kansa shi ne akwai wani ɓoyayyen ƙarfi mai suna Chi da ke gudana cikin ƙasa da sarari, iska tana warwatsa shi, ruwa kuma yana tsare shi. Sinawan dā sun yi imani cewa idan aka binne kakanni a inda Chi ya taru, zuriyarsu za ta bunƙasa. An kuma yi amfani da ƙa'idojin wajen zaɓen mazaunin rayayyu.

Manyan makarantu biyu suka fito daga wannan tunani. Ta farko tana duba siffar ƙasa, wato duwatsu da koguna, kuma ana danganta ta da Yang Yunsong na ƙarshen daular Tang. Ta biyu tana dogara ga lissafin jihohi da wani kamfas mai zobba da yawa da ake kira luopan. Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijin, wadda aka kammala a 1420, misali ce bayyananniya: tana fuskantar kudu, da tudun Jingshan da aka tara da hannu a bayanta, da ruwa a gabanta. Wannan zaɓi yana da dalili na zahiri, domin a arewacin Sin iskar hunturu mai tsananin sanyi daga arewa take busowa, hasken rana kuma ta kudu yake shiga gida.

Ka'idojin Tsara Ɗakin Aiki

Masu wannan tsari suna kallon ɗaki a matsayin ƙaramar duniya, saboda haka abin da aka faɗa game da dutse da kogi shi ake maimaitawa kan bango da tebur. Babbar ƙa'ida ita ce mai aiki ya zauna da bango a bayansa, yana hangen ƙofa, ba tare da ya yi saiti da ita kai tsaye ba. Bangon yana matsayin dutsen da ake kira baƙin kunkuru, filin da ke gaban tebur shi ne jan tsuntsu. A hagun mai zama akan sa abu mai tsayi, kamar kantar littattafai, da sunan macijin almara na gabas, a damansa kuma abu gajere da sunan farar damisa.

Suna hana zama ƙarƙashin azarar da ta fito fili, da fuskantar kusurwa mai kaifi, wadda suke kira kibiya mai dafi. Suna ƙyamar tarkace da matattun tsirrai, suna kuma ƙin a sa teburin aiki a ɗakin barci, bisa hujjar cewa aiki na ɓangaren yang ne, mai motsi, barci kuwa na yin ne, mai natsuwa. Ba a ɗauki waɗannan ƙa'idoji da wasa ba a Hong Kong, inda dogon ginin Bankin Sin, wanda I. M. Pei ya zana aka buɗe a 1990, ya sha suka saboda kaifin kusurwoyinsa, da aka ce suna sara gine-ginen da ke maƙwabtaka da shi.

Mataki na biyu ya fi wannan zurfi. Ana shimfiɗa wa ɗaki taswira mai sassa takwas da ake kira bagua, wadda alamominta suka fito daga tsohon littafin duba na Yijing, kowane sashe da fannin rayuwar da yake mulki: arziki, suna, aure, ilimi da sauransu. Ana haɗa wannan da sinadarai biyar, wato itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Daga nan ne ake cewa a ajiye tsiro ko akwatin kifaye a kusurwar arziki, ko mutum-mutumin kwaɗo mai ƙafa uku da kuɗi a bakinsa. Wani reshe kuma yana lissafa wa mutum lamba daga shekarar haihuwarsa da jinsinsa, ya ware masa jihohi huɗu na sa'a da huɗu na rashin sa'a.

Abin lura shi ne makarantun ba su daidaita kan wannan mataki ba. A lissafin kamfas, kusurwar arziki kudu maso gabas take. A tsarin da Lin Yun ya yaɗa daga Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1980, wanda ya fi shahara a Yammacin duniya, kusurwar ita ce ta can ciki a hagun mai shigowa, ko ina ƙofar ta fuskanta. Ke nan ɗaki guda yana iya samun kusurwar arziki biyu mabambanta.

Ma'aunin Rarrabewa

Malaman Musulunci sun tabbatar da cewa asali a al'amuran al'ada halacci ne, kuma hikima ba ta zama haram don ta fito daga wata al'umma. Sun kuma bayyana cewa sababi yana inganta ne ta ɗayan hanyoyi biyu: ko shari'a ta tabbatar da shi, ko gwaji da hankali su nuna alaƙarsa da sakamakonsa. Riƙon abin da ba ya cikin biyun a matsayin mai jawo amfani ko tunkuɗe cuta yana taɓa tauhidi.

Idan aka ɗora mataki na farko a wannan ma'auni, yawancinsa yana tsayawa da ƙafarsa ba tare da buƙatar Chi ba. Wanda ya ba ƙofa baya yakan razana idan an shigo, hankalinsa kuma yana rabuwa. Taga a bayan mai aiki tana jefa haske kan allon kwamfuta, ido ya gaji. Tarkace yana ɓata lokaci wajen neman takarda, ajiye kayan aiki kusa da gado kuma yana hana zuciya hutawa. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ɗan Adam yana son wurin da yake hangen nesa alhali yana da mafaka, bayanin da bai dogara ga wani ɓoyayyen ƙarfi ba.

Mataki na biyu kuwa ba ya tsallake ma'aunin. Babu alaƙar da hankali ko gwaji ya nuna tsakanin kwaɗon tagulla da shigowar ciniki, ko tsakanin shekarar haihuwa da jihar da tebur zai fuskanta. Gudun wata jiha don tsoron rashin sa'a shi ne ainihin camfin da ake kira ɗiyara, wanda hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim suka kore. Hadisin da ya ambaci shu'umcin gida ma, malamai da dama sun fassara shi da ƙuncin gidan da munin maƙwabtansa, wato cutarwa ta zahiri da ake iya gani. Ga kuma hukuncin ajiye mutum-mutumin abu mai rai, balle wanda aka rataya masa fatan arziki.

Kammalawa

Duk shawarar da ta zo da sunan Feng Shui, mai karatu yana iya tambayar ta wace hanya aka ce za ta yi aiki. Idan amsar ta koma ga haske, iska, tsafta da natsuwar mai zama, to dabarar zama ce, ana ɗaukar ta da wannan dalili nata. Idan kuwa ta koma ga sa'a, shekarar haihuwa ko kusurwar da ke jawo kuɗi, to aƙida ce ta wata al'umma da ya dace a san ta a matsayin ilimi, ba a yi aiki da ita ba. Mutum biyu suna iya ajiye tebur a wuri iri ɗaya, ɗaya don ya ga mai shigowa, ɗaya don tsoron tsiya, hukuncinsu kuma ya bambanta saboda abin da zuciya ta dogara gare shi. Allah ne Mafi sani.