Ɗan Makirfon Kwala: Me Ya Sa Muryarsa Ba Ta Cika Zaure?

Mai karanta labarai a talabijin yakan maƙala wani ɗan makirfo a kwalar rigarsa, bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, amma muryarsa ta fito tar. Sai masu shirya lakca ko wa'azi su gani su yi sha'awa, su sayo irinsa su maƙala wa babban baƙo. Baƙo ya yi sallama, na sahun baya su ce ba sa ji. Mai kula da na'ura ya murɗa sauti sama kaɗan, sai lasifika ta tsala ihu, jama'a su toshe kunne. Daga nan a fara zargin kayan jabu ne.

Sau da yawa kayan ba su da laifi. A ɗakin talabijin babu lasifikar da ke mayar da muryar cikin ɗakin, ɗauka kawai ake yi a aika. Haka ma masu bidiyon waya da 'yan fim. A zauren taro kuwa makirfo da lasifika suna shaƙar iska ɗaya. Sautin da ya fito daga lasifika yakan koma cikin makirfo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake komawa, har ya zama wannan ihun. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Søren Absalon Larsen, yana cikin waɗanda suka fara bayyana yadda abin ke faruwa, shi ya sa masu jin Faransanci har yau suke kiran ihun da sunan larsen. Kowane zaure yana da iyakar da za a iya ɗaga sauti kafin ihu ya ɓarke, kuma duk aikin injiniyan sauti a nan shi ne ya matsar da wannan iyakar sama.

Abin da ya fi komai yanke hukunci shi ne tazara. Duk lokacin da nisan baki da makirfo ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan ragu da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Mai riƙe makirfon hannu yana iya kai shi santimita biyu da rabi daga leɓe. Na kwala kuwa yana zaune wajen santimita 20. Nisan ya ninka sau uku a jere ke nan, wato asarar desibel 18, alhali desibel 10 kaɗai kunne ke ji kamar an rage sauti da rabi. Domin a cike wannan giɓin dole a buɗe makirfon sosai, shi kuma ba ya bambance muryar malam da muryar lasifika. Duk abin da ya zo masa karɓa yake yi. Ga shi yawancin irin waɗannan makirfo suna ji ta kowace fuska.

Matsayinsa ma matsala ne. Haɓa tana tare siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts", waɗanda su ne ke sa a gane kalma, ƙirji kuma yana ƙara wani gurnani a wajajen haz 700 zuwa 800 a ma'aunin kauri da sirantar sauti. Murya sai ta fito kamar daga cikin randa. Mai sauraro ya ce ba ya ji, alhali abin da yake nufi shi ne ba ya ganewa, kuma ƙara sauti ba ya maganin wannan.

To, ina mafita? Ta farko kyauta ce. Makirfon da aka maƙala a aljihun gaba, santimita 30 daga baki, in aka ɗaga shi zuwa santimita 15 an ci ribar desibel 6 ba a kashe ko kwabo ba. A sa shi tsakiyar ƙirji, kada ya shige ƙarƙashin haɓa, domin in yana gefe ɗaya duk waiwayen mai magana sai murya ta ɓace. Babbar riga mai sitati, da jelar rawani, da mayafi, duk suna goga shi ko su rufe shi, kuma hayaniyar yadi takan fi muryar fitowa.

Gidajen wasan kwaikwayo na Landan da New York sun daɗe da barin ƙirji. Can ana ɓoye ɗan makirfon a bakin gashin goshi ko a gefen kunne, irin su MKE 2 na Sennheiser da 4061 na DPA, don ya riƙa juyawa tare da kai. Wanda ya fi wannan shi ne na rataya a kunne mai siririn hannu da ke kaiwa kusurwar baki. Mawaƙiyar Ingila Kate Bush ta yi amfani da irinsa a rangadinta na 1979, an lanƙwasa mata shi da wayar rataye tufafi don ta samu hannuwanta ta yi rawa. Yau shi ake gani a kumatun masu jawabi a tarukan TED. A ganin mai wannan rubutu, duk zauren da ke fama da ihu kowane mako, kuɗin wannan makirfon ya fi kuɗin sabuwar amfilifaya amfani.

Sai lasifika. Ta kasance a gaban mai magana tana fuskantar jama'a, kada a ajiye ta bayansa, kada kuma a juyo masa da wata don ya ji kansa. A dogon zaure, ƙanana da yawa kusa da masu sauraro sun fi manya biyu da ake tilasta wa su kai murya har ƙofa. Masallaci ko ɗakin taro mai tayil da kubba yana dawo da sauti ta ko'ina. Darduma, labule da jikin jama'a suna shanye shi, shi ya sa gwajin da aka yi zaure na wayam ba ya zama daidai da lokacin da ya cika.

A kan miksa, wato na'urar haɗa sauti, akwai abin yi, sai dai ribarsa ba ta kai ta tazara ba. Ana yanke sautukan ƙasa da haz 100, a rage gurnanin ƙirji, sannan kafin taro a ɗaga sauti sannu a hankali har ya fara shewa, a gano wurin da shewar take a rage shi kaɗai. Bayan wuri huɗu ko biyar gara a tsaya, in ba haka ba an sassaƙe muryar ne gaba ɗaya. Na'urar matse sauti ma a yi hattara da ita, don takan ɗaga makirfo daidai lokacin da mai magana ya yi shiru, sai ihu ya samu ƙofa.

Akwai kuma lissafin da ake mantawa a taron mutum huɗu a kan tebur: duk ninkin adadin makirfon da ke buɗe yana cin desibel 3 daga iyakar ɗaga sauti kafin ihu. Huɗu a buɗe sun ci 6. Injiniyan Amurka Dan Dugan ya ƙera miksa mai sarrafa kanta a shekarun 1970 saboda wannan, tana ba wanda ke magana ƙarfi ta danne sauran, kuma yanzu ana samun tsarinsa cikin miksocin Yamaha da dama. Inda babu ita, yatsan mai na'ura ne zai yi aikin: ya buɗe wa mai magana, ya rufe sauran ukun har zagayensu ya zo.