Agogon Da Ke Cikin Akwatin Intanet

Akwatin nan mai ƙananan fitilu da ke rarraba intanet a gida ko a ofis, wanda a ke kira rauta, yana da agogo a cikinsa, ko da ya ke ba shi da fuska balle hannu. Galibin irin na gida ba su da batirin riƙe lokaci. Saboda haka da zarar an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne gare mu, sai agogon ya mance kome, wani ma ya farka yana tsammani ran 1 ga Janairu 1970 a ke. Ko wuta ba ta ɗauke ba, ya kan yi gaba ko ya yi baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini.

To, ina ya ke samun gyara? Tambaya ya ke yi. Akwai manyan na'urori a ƙasashe da dama waɗanda aikinsu faɗin lokaci, bisa wata ƙa'ida mai suna NTP, wadda David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya tsara a 1985. Su kuma daga agogon atom su ke ɗauka, wanda tun 1967 a ke auna daƙiƙa da shi, watau kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken sinadarin siziyam.

Amma fa amsa ta kan daɗe a hanya, kuma a nan hikimar ta ke. A ce magatakarda ya aiki masinja da ƙarfe 9:00 ya dubo agogon gidan waya. Masinja ya komo da 9:20, ya ce ya tarar 9:15 a can. Tafiya da dawowa minti 20 ke nan, rabinsu 10. Ashe sa'ad da ya ke can, agogon ofis 9:10 ya nuna, watau yana baya da minti 5. Haka rauta ke yin lissafinsa, sai dai nasa masinjan ba ya tsayawa cin goro a kasuwa.

Kada malamai su ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Takardun shaidar tsaro na intanet suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, akwatin da ya ɓata kwanan wata kuwa sai ya ƙi takarda mai kyau. Littafin da ya ke rubuta abin da ya auku ya zama shirme, kuma uban da ya tsara a rufe wa yara intanet da dare ya iske an rufe da hantsi.

Gyaran ba wuya. A shiga wurin saitin lokaci, a kunna NTP, a rubuta pool.ntp.org, a zaɓi lokacin Afirka ta Yamma, wanda ya ke gaba da na Girinwic da awa ɗaya. Lalle kada a matsa wa na'ura guda da tambaya. A 2003 akwatunan Netgear fiye da 700,000 sun fito da adireshin na'urar Jami'ar Wiskonsin a kafe cikinsu, in ba su sami amsa ba sai su maimaita tambaya kowace daƙiƙa, har su ka cushe hanyar intanet ta jami'ar.